Yadda ɗalibi zai halarci taron shugabannin ɗalibai daga Zariya, ya dawo da amsar aiken da aka yi masa

Kusan kowane zangon karatu takardun gayyata sukan iso ofisoshin ƙungiyoyin ɗalibai na Samaru da Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Nuhu Bamalli da sauran manyan makarantun Zariya, ana neman a turo wakilai taron shugabanni a Abuja ko Jos ko Ilori ko Legas, wani jiƙon ma har ƙasar Gana. Na taɓa riƙe sakataren ƙungiyar ɗaliban tsangayarmu, na je irin waɗannan tarurruka a matsayin wakili, daga baya kuma na raka ƙannenmu, kuma abin da na fi gani yana ɓata tafiyar shi ne ɗalibi ya manta cewa aikensa aka yi. Duk wanda aka ɗebi kuɗin ƙungiya aka biya masa mota da masauki ɗan aike ne: akwai saƙon da zai kai, akwai kuma amsar da ake jira ya kawo. A kan wannan fahimtar na tsara matakan da ke biye.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da cewa taron na gaskiya ne kafin ka gaya wa kowa za ka yi tafiya. Ka duba takardar gayyatar da kyau, ka ga ko tana ɗauke da sunan ƙungiyar da ta shirya taron, da adireshin zauren da za a zauna, da ranar buɗewa da ta rufewa, da sunan jami'in da ya sa hannu. Daga nan ka nemi lambar wayar makarantar ko zauren da aka ambata ta wata hanya dabam, ba lambar da ke jikin takardar ba, ka tambaye su ko da gaske an kama wurin a waɗannan ranaku. Idan an ce a biya kuɗin rajista, ka lura da sunan da ke kan asusun bankin, domin ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta karɓar kuɗin taro ta asusun wani mutum shi kaɗai. Wannan darasin da tsada na saye shi. Akwai shekarar da mu huɗu muka tura kuɗi, muka kwana a hanya, muka isa da hantsi muka tarar da zauren a kulle, mai gadi kuma ya rantse mana bai taɓa jin labarin taron ba. Kuɗin da muka rasa na ɗalibai ne, kuma ni na tsaya gabansu na yi bayani, ranar da har yau ba na son tunawa da ita.

Idan gayyata ta tabbata, sai neman izini, kuma izinin iri biyu ne. Na makaranta ana nemansa ne a rubuce: ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, ta bi ta hannun shugaban sashenku, ka haɗa da kwafin gayyatar, ka faɗi ranar tafiya da ta dawowa da sunayen duk waɗanda za su je tare da lambobin rajistarsu. Ka kai ta aƙalla mako biyu kafin tafiya, domin takarda takan kwana a kan tebur, kuma ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka ajiye. Kada ka tsaya nan. Ka bi malaman da za ka rasa darasinsu ɗaya bayan ɗaya, ka gaishe su, ka ce, "Malam, an zaɓe ni in wakilci ƙungiyarmu a wani taro, zan rasa darasin Talata da na Alhamis, ga takardar izini." Jami'o'inmu da yawa suna gindaya sharaɗin halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, kuma gwajin tsakiyar zango da aka yi ba ka nan ba kowane malami ne zai sake shirya maka shi ba. Idan taron ya faɗo a makon jarrabawa, ra'ayina ka haƙura a tura wani, domin karatu ne ya kawo ka Zariya.

Izini na biyu na iyaye ne, kuma ba na ganin girman ɗalibi ko muƙaminsa ya ɗauke masa shi. Ka sanar da su garin da za ka, da inda za ka kwana, da wanda zai jagoranci tawagar, ka ba su lambarsa, ka nemi addu'arsu. Ga ɗaliba kuwa, abin da ya fi kwantar da hankalin gida shi ne a san cewa akwai wata ɗaliba ko malama a cikin tawagar kuma masaukin mata dabam yake. Shugaban tawaga mai hankali yakan kira mahaifin da kansa, ya ce, "Baba, ni ne zan jagorance su, ga sunana, ga inda za mu sauka." Na ga wannan kiran na minti uku ya buɗe wa ɗalibai mata da yawa ƙofar da aka riga aka rufe.

Yanzu sai matakin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, wato tattara saƙon da za ka tafi da shi. Ka nemi jadawalin taron tun da wuri ka ga batutuwan da za a tattauna, sannan ka kira zama da shugabannin ƙungiyarku da wakilan azuzuwa, ko da na awa ɗaya ne a ƙarƙashin bishiya bayan la'asar. Ka karanta musu batutuwan, ka tambaye su me suke so a faɗa da sunansu. Za ka ji maganar ruwa da wuta a ɗakunan kwana, da tsadar haya a unguwannin da ke kewaye da makaranta, da kuɗin mota tsakanin Samaru da cikin gari, da ɗaliban da ke ajiye karatu saboda kuɗin rajista, da lamunin karatu na gwamnatin tarayya wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024 amma har yanzu wasu ba su san yadda ake cike fom ɗinsa ba. Ba za ka iya ɗaukar duka ba. Ku zaɓi biyu, in ya yi yawa uku, ku nemo musu hujja: ɗakuna nawa ne famfonsu ba ya kawo ruwa, tun yaushe, wa aka rubuta wa, me ya amsa. Ka rubuta wannan a shafi ɗaya tak, shugaban ƙungiya ya sa hannu. Wakilin da ya tashi a taro ya ce ɗalibai suna shan wahala bai faɗi abin da kowa bai sani ba, amma wanda ya kawo adadi da kwanan wata, shi ne ake nema bayan an tashi a ce ya ba da kwafi.

A wannan zaman kuma ku yanke shawara a kan abin da za ka yi idan aka zo ƙuri'a. Idan taron na zaɓe ne ko na gyaran kundin tsarin ƙungiya, ka nemi kundin ka karanta shi tun daga gida, ka san ko kai wakili ne mai ƙuri'a ko ɗan kallo, ka kuma ji matsayin waɗanda suka aike ka. Ƙuri'ar da ke hannunka tasu ce.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce kafin a ɗaga ƙafa. Ka jera kuɗin mota zuwa da dawowa, da na zirga-zirga a cikin garin, da rajista, da masauki, da abinci, da katin waya, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda abin da ba a zata ba, kamar lalacewar mota ko ƙarin kwana. Ka tambayi masu shirya taron ƙarara abin da suka ɗauka da abin da ba su ɗauka ba, domin kalmar "an tanadi masauki" takan zama katifa ɗaya ga mutum uku. Kuɗin komawa gida ka ware shi dabam, kada ka taɓa shi ko da yunwa ta matsa, kuma kada ka dogara da alkawarin alawus ɗin da aka ce za a raba ranar rufe taro. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi a aljihu biyu dabam-dabam, saura a banki, saboda akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, inda kuma babu rasit, kamar acaba da Keke Napep, ka rubuta a ɗan littafi nan take.

Jakarka kada ta wuce wadda za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Takardu su ne gaba: katin shaidar makaranta, da katin ɗan ƙasa ko takardar lambar NIN, da gayyata, da takardar izini, da shaidar biyan rajista, da hotunan fasfo guda huɗu. Ka ɗauki hoton kowacce da waya ka tura wa kanka ta imel. Sai kaya: kaftani ko doguwar riga ta fita kunya saboda ranar buɗewa, da kaya masu sauƙi na sauran kwanaki, da rigar sanyi idan Jos za ka, musamman da hunturu. Ka sa darduma ƙarama, da buta idan da wuri, da silifa, da tocila, da caja da batirin ajiyar caji, da ɗan kwaɗo na kulle jaka, da maganin sauro, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai. Guzuri irin su dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da sukari yana rufa asiri ranar da abincin taro ya makara ko ya zo da abin da cikinka bai saba da shi ba.

Idan taron a wajen Najeriya ne, shiri yana farawa da watanni. Fasfo yana buƙatar lambar NIN, kuma sunanka da ranar haihuwarka dole su zo daidai a takardun biyu, in ba haka ba gyaran kaɗai zai cinye maka makonni. Ƙasashe da yawa suna son fasfon da ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa ƙasashen ECOWAS irin su Gana da Senegal, amma za a nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A jirgin sama batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi, turare ko man shafawa kuma da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya.

Ranar tafiya ka yi sammako. Ka shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunayen fasinjoji da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru, ka cike takardar da gaskiya, ka tura lambar motar gida da kuma wa shugaban ƙungiya. Motar bakin titi a Kwangila takan fi araha, amma ba wanda ya san direbanta, kuma ragin bai kai kasadar ba. Mai zuwa Abuja yana da zaɓi biyu: ya bi mota kai tsaye, ko ya yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, layin da aka buɗe a 2016 mai tsawon kilomita 186. Tikitin jirgin ta intanet ake saya, da sunan mai tafiya, ana kuma duba katin shaida a ƙofa, don haka ka saya da wuri, kada ka karɓi na hannun 'yan bayan fage, kuma ka tabbatar jirgin yana aiki a wannan makon. Mai zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, da mai zuwa Sakkwato ta Funtuwa da Gusau, su tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin tafiya, domin su ne suke bin ta kullum. Tafiyar Legas doguwa ce, ta Abuja da Lakwaja, kuma na fi son a raba ta biyu a kwana a hanya da a bi motar dare. Duk inda za ka, ka lissafa yadda za ka isa da sauran rana, kuma ka isa kwana ɗaya kafin buɗe taro. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Da ka sauka, ka tuna cewa baƙo makaho ne ko da idonsa. A Abuja da Legas kada ka faɗa ƙaramar motar da ta tsaya maka a titi da mutane a ciki, saboda ɓarayin da ke yin shiga irin ta fasinjoji. Ka nemi masu shirya taron su turo wanda zai tarbe ku, ko ka kira ɗan'uwa ko tsohon ɗalibin makarantarku da ke zaune a garin, tunda da ɗan gari kan ci gari. Ka fara zuwa teburin tantancewa ka karɓi katin wuya da jadawali kafin ka nemi ɗaki, ka duba an rubuta sunanka da na makarantarku daidai, domin da wannan rubutun za a buga takardar shaidar halarta. A masauki ka gwada makulli, ka san inda ruwa yake, ka tambayi alƙibla da masallaci mafi kusa, ko coci idan kai Kirista ne kuma taron zai haɗa da Lahadi. Matafiyi yana yin ƙasaru, yana mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku yana cikawa ne. Idan jadawalin bai ware lokacin salla ba, ku je wurin masu shiryawa tun daren farko cikin ladabi ku roƙa a gyara, kada ku bari sai ana tsakiyar jawabi ku miƙe gaba ɗaya.

A cikin zaure ka zauna a gaba-gaba, ka kashe ƙarar waya, ka rubuta da biro a littafi: sunan mai magana, da abin da ya faɗa wanda za a iya aikatawa a makarantarku, da alkawarin da wani jami'i ya ɗauka tare da ranar da ya ɗauka. Yawancin tarurrukan da Turanci ake yin su, kuma na san yadda ƙirjin ɗalibin da ya taso da Hausa yake bugawa idan makirfo ya nufo shi, yana tsoron a yi wa harshensa dariya. Maganin wannan shiri ne. Ka rubuta maganarka tun da dare, ka karanta ta da ƙarfi sau uku a gaban abokin tafiyarka, ka taƙaita ta ta zama minti biyu. Idan an ba ka dama, ka gaida shugaban zama, ka faɗi sunanka da makarantar da kake wakilta, ka kawo matsalar da hujjarta, ka faɗi abin da kake so taron ya zartar, ka zauna. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina da ta zama Barewa ta nan Zariya, da natsuwa da tsabtar magana ya yi suna, kuma wannan hanya a buɗe take ga kowa. Idan an raba mutane ƙananan kwamitoci, ka shiga wanda ya shafi saƙonka, ka kuma yi ƙoƙari ka san waɗanda ke rubuta sanarwar bayan taro, domin abin da bai shiga wannan takardar ba kamar ba a faɗe shi ba ne.

Akwai abin da ya wajaba in ja kunne a kai. Tarurrukan ɗalibai, musamman na zaɓe, sukan jawo 'yan siyasa da yaransu, kuma za a iya ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare a miƙo ambulan a ce kuɗin mota ne. Wanda ya karɓa ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma gobe ba shi da bakin magana. Shugabancin ɗalibai a garin nan yana da tarihi mai nauyi. A 1978, lokacin zanga-zangar ƙin ƙarin kuɗin abinci da masauki a jami'o'i, an rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokacin, wato NUNS, sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta. Wanda ya fito daga Zariya da sunan wakilci ya kamata ya san kujerar da yake zaune a kai. Idan kuma ka ga zama ya fara rikiɗewa, ana jifa da kujeru ko an shigo da waɗanda ba ɗalibai ba, ka tattara tawagarka ku fita, ku koma masauki, ku sanar da makaranta. Mai sha'awar siyasa ta gaskiya yana da hanya a fili, tunda dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25.

Lokacin cin abinci da hutun rabin rana kada ka maƙale wa 'yan garinku kaɗai. Ka zauna da wakilan Inugu da Fatakwal da Ibadan, ka tambaye su yadda suka shawo kan irin matsalar da ka zo da ita, domin sau da yawa amsar da kake nema tana wurin ɗalibin da ke kusa da kai a layin abinci. Lambar mutum biyar da ka san abin da ya haɗa ku ta fi ta mutum hamsin da ba za ka tuna fuskarsu ba, saboda haka ka rubuta a gefen kowace lamba makarantar mai ita da abin da kuka tattauna. Kada ka ɗauki hoton kowa, musamman mata, ka sa a Facebook ko WhatsApp ba da izininsa ba.

Kafin ka bar garin ka karɓi takardar shaidar halarta da kwafin sanarwar bayan taro, ka miƙa makullin ɗaki, ka yi wa waɗanda suka karɓe ku godiya da sallama, sannan ka sake yin sammako kamar yadda ka zo. Da ka iso Zariya ka sanar da gida da shugaban ƙungiya, washegari kuma ka nemi wakilin aji ka kwafi darussan da suka wuce ka.

Cikin mako ɗaya, tun abin yana sabo a kanka, ka rubuta rahoto wanda bai wuce shafi biyu ba. Ka faɗi inda aka yi taron da ranakun, da waɗanda suka je, da saƙon da aka ba ka da yadda ka gabatar da shi, da amsar da aka bayar ko da ba mai daɗi ba ce, da yadda ka kaɗa ƙuri'a, da abu ɗaya ko biyu da kake ganin ƙungiyarku za ta iya farawa a wannan zangon da ƙarfinta. Ka haɗa da lissafin kuɗi da rasit, canjin da ya rage kuma ka mayar wa ma'aji a gaban shaida ya sa maka hannu. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai, ɗaya ga shugaban sashe, ɗaya kuma ya shiga fayil ɗin ƙungiya tare da gayyatar da jadawalin da lambobin da ka samo, saboda wanda za a tura baɗi. Daga nan ka sake kiran mutanen da ka zauna da su kafin tafiya, a wuri ɗaya da na farko idan zai yiwu, ka karanta musu rahoton, ka amsa tambayoyinsu, ku sa ranar da za a fara aikin da kuka amince da shi da sunan wanda zai riƙe shi.